Sunan Uban Kaka

Kaka ya rasu ranar Talata da hantsi, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba. Na Allah muke, wurinsa za mu, tsohon nan ya riga mu ne kawai. Ina biro, wato ofis, a unguwar Filato ina buga wata wasiƙa marar kai marar gindi, sai ga maƙwabcinmu tela tsaye a bakin ƙofa da kekensa, laka har gwiwa. Ina ganinsa na gane. Na zare takardar daga mashin, na lulluɓe shi, na bi bayansa.

Kwana uku gidanmu bai huta ba. Maƙwabtanmu Zabarmawa suka yi ta shigowa da "fonda tilas" ɗinsu na ta'aziyya, Iya, wato kakata mace, tana amsawa da ka don murya ta tafi. Masu sayar da katako suka zo da dusar zarto a jikin riga, suka raɓe can gefen tabarma kamar ba su suka fi kowa zama da shi ba. Wata mai tallan kopto, wato kwaɗon ganye, da ba mu taɓa sanin tana da hulɗa da gidanmu ba ta zauna a tsakar gida tana kuka da gaske, har Iya ta ce a tambaye ta ko dai ɓatan gida ta yi. Ashe shekara da shekaru Kaka ke karanta mata wasiƙun ɗanta da ke ci-rani a bakin teku, shi ke rubuta amsa, kuma ko ludayi ɗaya na ganyen nan bai taɓa yarda ta zuba masa kyauta ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, mutumin Tawa, ƙato wanda sai da ya sunkuya ya shiga zaurenmu. Ya durƙusa gaban Kawu, babban ɗan Kaka, ya yi addu'a, ya shafa. Sai ya ce, "Duk Yamai shi kaɗai ya san sunan ubana." Ya miƙe ya fita yana goge fuska da hula.

Gaskiya ya faɗa. Kaka ba ya gaisawa da mutum sau biyu bai tambayi sunan mahaifinsa ba, kuma in ya ji sau ɗaya, shi ke nan, ya zauna. Mai ruwa, mai nama, akawun da ke bayan tebur, kowa da sunan ubansa yake kiransa. Wasu na jin daɗi, wasu na ganin tsohon ya cika bin diddigi. Ni kaina na sha yi masa tsiya a kai, ina ce masa ko aure zai ba su ne. Sai a shekarar nan tasa ta ƙarshe na san dalili, kuma saboda shi na zauna nake rubuta wannan, don 'ya'yanmu ba za su same shi ba, kuma abin da za su gani a takardunsa ba shi ba ne.

Ni jikarsa ce ta fari, 'yar babbar 'yarsa, a gidansa na tashi. Amarya yake ce mini tun ina rarrafe, ni kuma ina ce masa tsohon ango. Ya ce tuwona in aka jera shi zai yi katanga. Na ce ai haƙoran ne babu, ba laifin tuwo ba ne. Kaka ne ya sa aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, lokacin da unguwa ke cewa za a lalata yarinya, shi ya raka ni ranar da na fara aikin buga takardu, kuma shi ya hana ni jin daɗin aikin. In na kawo abin da na buga gida don in yi alfahari, sai ya ɗauko jan fensirinsa ya saka tabarau, kafin in sha ruwa ya zagaye kuskure huɗu. Ba ya son a lashi yatsa a juya takarda. Ba ya son a naɗe takarda fiye da sau biyu. Akawu ne tun zamanin da gwamnati ke Damagaram, ya biyo akwatunan Nasara zuwa Yamai sa'ad da suka kwaso ta, ya ajiye aiki dab da a ba mu ƙasarmu, amma aikin bai ajiye shi ba.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Ba ya wuce rijiya. Ko biki za mu, ko sauri ake, in ya hango bakin rijiya sai ya ratse, ya tattare babbar riga, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya yanke hukunci: wannan gwani ne ya haƙa ta, ko kuwa wannan ba ta kai damina uku ba za ta rufta. Iya ta ce wata rana hularsa za ta faɗa ciki kowa ya huta. Mun ɗauka tsufa ne.

A bara ne 'ya'yansa suka haɗu za su kai shi Makka. Kawu ya zo da murnarsa ya ce a ba shi takardar haihuwa a yi fasfo. Takardar tana nan, kowa ya san ta, cikin gwangwanin da Kaka ke ajiye lambar girmansa. Irin ta mutanen da ce, wadda alƙalin Nasara ke yi wa wanda ba a rubuta haihuwarsa ba: a dubi mutum a ƙiyasta, a sa "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza. A kanta an rubuta sunan da duk Yamai ta san shi da shi, da sunan uba, wani mai gari na ƙasar Damagaram. Da wannan muka tashi, mu jikokin mai gari ne. Ranar auren Kawu maroƙa sun ci kasuwa da zancen.

Kaka ya ce ba da wannan takarda za shi ba. Kawu ya ɗauka ta tsufa ce, ya ce za a sake buga sabuwa. Kaka ya ce ba tsufanta ba ne. Sai bayan kwana biyu, da la'asar, ina tsince shinkafa a inuwar bedi, wato darbejiyar da ke tsakar gida, ya jawo kujerarsa kusa da ni ya ce in ajiye faifan.

Ya ce shi ba ɗan mai gari ba ne. Ubansa baran mai gari ne, mai haƙar rijiya. Sa'ad da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya aiko kowane mai gari ya ba da ɗa ɗaya a kai lakwal, mutane suna ganin wanda aka kai ya tafi ke nan, ba addini ba gida. Mai gari ya ƙi rabuwa da nasa. Ya dubi gidan baransa ya ga yaro sa'an ɗansa, sai aka yi wa yaron aski, aka saka masa rigar ɗan mai gari, aka ɗora masa sunansa. Ba garinsu kaɗai aka yi haka ba, ya ce a ajinsu da ƙyar ka sami ɗan sarauta na gaske guda uku. Uban ne da kansa aka sa ya kai shi birni, kwana biyu a ƙafa, in ya gaji ya goya shi. A hanya yana ta koya masa abin da zai faɗa, don in Nasara ya gane, mai gari zai sha ɗauri, su kuma ba su da wurin zama.

Da suka isa, mushe, wato malamin lakwal, ya zauna da babban littafi, tafinta a gefensa. Aka tambayi sunansa, ya faɗi na aro. Aka tambayi sunan ubansa, ya faɗi na mai gari. Sai mushe ya nuna mutumin da ke riƙe da hannunsa ya ce wannan fa?

"Na ce baran ubana ne," in ji Kaka. "Shi ya koya mini, Amarya, na sani. Amma ina faɗa ya saki hannuna. Aka shiga da ni ciki, na waiwaya ban gan shi ba. Ko sallama."

Ba su ƙara haɗuwa ba. Kafin a sake su hutun farko rijiya ta rufta da uban a wani ƙauye. Kaka ya girma da sunan aro, ya ci jarrabawa da shi, ya yi aure da shi, ya haifi 'ya'ya aka rubuta su a ƙarƙashinsa. Iya kaɗai ta sani. Kuma shekara sittin yana ɗauke da abu guda a ransa: cewa uban ya tafi da fushi, cewa ko da shi ya koya masa maganar, bai zaci za ta fito da sauƙi haka ba.

Ya ce a duniya ya haƙura. Amma ba zai tsaya a Arfa da sunan uban wani a aljihunsa ba. Yana so, ko sau ɗaya, hukuma ta rubuta shi ɗan wanda ya haife shi. Yanzu ƙasa tamu ce, alƙali namu ne, ba wanda za a ɗaure.

Ni kuka na yi, ba zan ɓoye ba. Kawu kuwa da ya ji, gidan ya ɗauki zafi. Mutum ne mai kwat da karabat a wuya, yana hawa a ma'aikatarsu, kuma ba mugu ba ne, tsoro ya ji. Ya ce duk takardun karatunsa da na aikinsa da na 'ya'yansa a kan wancan suna suke, in aka zare na ƙasa duk ginin zai bi. Wannan shi ya faɗa da ƙarfi. Wanda ya faɗa a hankali shi ne, gobe a biro a ce da shi jikan bara. Ya ce me ya sa sai yanzu, me ya sa ba za a bar matattu su kwanta ba. Kaka ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ba zai taɓa takardar kowa ba sai tasa, wanda ke son mai gari ya riƙe abinsa. Kawu ya fita bai ci abinci ba. Wata biyu yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a kawai, ya durƙusa, a yi lafiya lau lafiya lau, ya tashi. Iya ta rasa wanda za ta ba haƙuri, sai ta koma faɗa da ni a kan gishiri.

A gidan shari'a akawun alƙali ya ce mana hanya biyu ce. Ko mu kawo tsohuwar takarda da ta nuna sunan uban na gaskiya, ko shaidu biyu da suka san haihuwar. Ƙauyensu Kaka ba wanda ya taɓa rubuta haihuwar kowa, don haka abin da za a nema shi ne wuri na farko da alƙalami ya taɓa shi, wato littafin mushe. Kaka ya san an kwaso littattafan lakwal ɗin tare da sauran kaya, don shi ya buga jerinsu da hannunsa. Suna wani ɗaki a bayan wata ma'aikata a Filato, makullin yana hannun wani dattijo Bazabarme da ya ce tunda Nasara suka tafi ba wanda ya nemi ya buɗe. Da na faɗi wanda ya aiko ni, ya yi dariya ya tambaya ko har yanzu yana leƙen rijiyoyi, ya buɗe mini.

Wallahi ban taɓa ganin wulaƙancin takarda irin na ɗakin nan ba. Gara ta ci, ɓera ya ci, jemagu sun yi abin da suka ga dama. Kullum in an tashi hutun rana, maimakon in tafi gida, sai in ɗaura tsohon zani a kan kayana in shiga. Na fito da harajin shanu, da ƙarar raƙumi, da wasiƙun kumandan yana kukan ba a aiko masa da giya ba. Kowace yamma Kaka yana zaune a ƙofar gida, ba ya tambaya, sai dai ya dubi hannuna. In na girgiza kai ya ce amaryar zamani ko nema ba ta iya ba, a kawo masa ruwa. Sati biyar na yi ina haka, tari ya kama ni, na rantse sau uku na daina, ban daina ba.

Ranar da na same shi, a ƙasan wani akwati yake, bangon ya ruɓe. Na bi layi da kan fensir don ina jin muryar Kaka a kan lasar yatsa. Ga sunan aro, ga "ɗan mai gari", ga shekarun da aka ƙiyasta masa. A gurbin wanda ya kawo yaro aka rubuta kalma ɗaya: bara. Ba suna. Na zauna a kan akwatin na zagi mushen nan da ya daɗe da zama ƙasa, zagi mai kyau, har dattijon ya leƙo. Sai da zan rufe na ga a can gefen shafin akwai ƙaramin rubutu da wata tawada daban. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske na karanta, na sake karantawa. Ba a fita da littafi, don haka na kwafe shi harafi da harafi, na ruga gida ko biro ban koma ba.

Kaka yana alwalar la'asar. Na ce babu sunan, ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Na ce amma akwai wani abu, na miƙa masa. Ya ce hannunsa da ruwa, in karanta. Abin da mushen ya rubuta shi ne, baran da ya kawo yaron nan ya ƙi tafiya. Kwana uku yana zaune a gindin katangar lakwal, ba ya ci, yana tambayar duk wanda ya fito ko yaron ya yi barci. An sa gardi, dogarin Nasara, ya kore shi.

Butar ta karkace a hannunsa ruwan ya yi ta zuba bai sani ba. Ya ce in sake. Na sake. Ya tambaye ni katangar wace kusurwa, na ce ba a rubuta ba. Ya ce ta gabas ce, dole, don nan ce kaɗai ke da inuwa, kuma ɗakin kwanansu a bayanta yake.

"Taku goma ne tsakaninmu," ya ce. "Ina ciki ina jin haushinsa."

Ban taɓa ganin hawayen Kaka ba sai ran nan, kuma bai ɓoye su ba. Iya ta fito daga ɗakin girki ta tsaya, ta koma, ta dawo da wata butar cike ta ajiye masa. Ya yi sallarsa, ya daɗe. Da ya idar ya karɓi takardar da na kwafa, ya saka tabarau, ya nuna mini inda na bar harafi ɗaya. Ina kuka ina dariya na ce Allah ya shirye ka, tsohon ango.

Saura shaidu. Kaka ya ƙirga mutanen garinsu da za su iya sanin haihuwarsa, duk sun tafi sai mutum ɗaya, kuma ba kowa ba ne illa ɗan mai garin na gaske, mai sunan. Aka rubuta masa, aka aika kuɗin mota. Ban yi zaton zai zo ba, don shaidar a kan ubansa za ta faɗa. Sai ga shi bayan sati uku, ɗan siririn tsoho da sanda da buhun gero na tsaraba, ƙafa duk faso, kwana huɗu a bayan kamiyo. Sarautar ta daɗe da barin gidansu, noma yake yi. Ya tsaya a zaure ya ƙare wa Kaka kallo, da farar riga da agogo da tabarau, ya ce, "To, ɓarawo, ashe haka sunana ya yi ƙiba a hannunka." Kaka ya ce ai shi ya sa ya kira shi, ya zo ya karɓi kayansa, ya gaji da kiwo.

Kwana goma ya yi a gidanmu, ban taɓa jin Kaka yana dariya irin ta kwanakin nan ba. Baƙon ya ce ubansa har ya mutu yana ganin ya yi dabara ya tsirar da ɗansa, ga shi shi ko sunan nasa ba ya iya karantawa. Ba da ɗaci ya faɗa ba. Shi ya ba mu labarin mai haƙar rijiyar: dogo ne, ba ya son magana, yana ɗanɗana ƙasa da harshe ya ce ruwa na gaba kaza, kuma rijiyar da garin ke sha har yau tasa ce. Kaka yana ji yana rufe ido. Kawu ya zo ranar Juma'a ya tarar da su, ya gaishe da baƙon a tsaye, amma na lura ya daɗe a bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Alƙalin matashi ne, ya tashi tsaye da Kaka ya shigo. Ya saurari baƙon, ya duba abin da na kwafo, ya ce shi a ransa ba ya shakka. Amma doka ta ce biyu, kuma Iya ba ta shiga, don ba a haife ta ba a lokacin. Ya ce a kawo mutum ɗaya kawai, ko waye, ya rantse, shi zai sa hannu a ranar. Da ya ce "ko waye" bai dube mu ba, taga ya duba.

Kowa a Yamai ya san abin da yake nufi. A gindin bishiyar da ke ƙofar gidan shari'a akwai dattawa da ke zama tun safe, sana'arsu ke nan. Ka ba mutum ɗan goro, ka faɗa masa sunan garinku, ya shiga ya rantse yana nan aka yanke maka cibi. Tunda aka sami 'yanci kowa ke neman takarda, ta lakwal, ta aiki, ta tafiya, rabin garin nan a gindin bishiyar aka haife su. Ba wanda ke ganin abin kunya ne. Muna fitowa na ja hannun rigar Kaka na nuna masa wani mai farin gemu da ya dace da shekarun, na ce minti goma an gama.

Ya ce a'a. Na ce ai ba ƙarya za a yi ba, abin da mutumin zai faɗa gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne, amma shi mutumin bai gani ba, kuma da Alƙur'ani zai rantse ya gani. Nan a bakin titi na manta da girma. Na ce sati biyar ina shaƙar kashin jemage, tsoho ya yi kwana huɗu a bayan kamiyo, gida ya rabu biyu, sai an zo bakin ƙofa zai tsaya yana mana taurin kai? Na ce alƙali da kansa ya buɗe masa hanya. Na ce ubansa ma da yana nan zai ce ya karɓa. Ya bar ni na ƙare, mutane na kallo.

"Amarya, an koya mini magana na faɗa, aka cire shi," ya ce. "Ba zan koya wa wani magana ya faɗa don a mayar da shi ba."

Kwana uku ban yi masa magana ba, ina ajiye masa abinci in juya. Shi ya fara sauka, ya ce tuwon fushi ya fi na kullum laushi, in daure in ci gaba. Har yau da nake rubutun nan ban gama yanke wa zuciyata ko ya yi daidai ba. Wata rana in ga ya fi mu duka, wata rana in ji kamar in tashe shi in ƙarasa faɗan.

Baƙon ya koma da alkawarin zai bincika ko akwai wata tsohuwa da ta yi aure a wani gari tana da rai. Jirgin alhazai ya tashi ba Kaka. Ya raka abokansa har filin jirgi, ya ba su saƙon addu'a da sunan ubansa, ya dawo ya ce baɗi. Wasiƙa ta zo farkon damina cewa tsohuwar ta rasu tun shekara biyu. Ya naɗe ta sau biyu ya saka a gwangwani. Bayan wata ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida. Takardar da ke cikin gwangwanin ita ce dai ta da, kuma da ita aka rubuta mutuwarsa a littafin hukuma, don akawu abin da ya gani yake kwafa.

Da aka dawo daga maƙabarta aka ce a kai sanarwa gidan rediyo, don dangi na nesa su ji. Wannan aikin babban ɗa ne. Na ce in buga a mashin, Kawu ya ce a bari, zai rubuta da hannu. Ya shiga ɗakin Kaka shi kaɗai, ya fito ya hau mota. Ni na riga na haƙura, na san abin da za a karanta.

Washegari da azahar aka fito da rediyo tsakar gida, mata suka kasa kunne. Mai sanarwa ya karanta ta wani ɗan kasuwa, ya karanta ta wata hajiya. Sai ya ce iyalai suna sanar da rasuwar mahaifinsu, tsohon akawu, Malam Sale ɗan Mati mai haƙar rijiya. Ya faɗa da Hausa, aka faɗa da Zabarmanci, aka faɗa da Faransanci, ƙasa duka tana ji. Matan unguwa suka dubi juna, don ba sunan da suka sani ba ne, wata ta ce an yi kuskure. Iya ta ce ba a yi ba.

Manyan Filato da yawa ba su zo gaisuwa ba, ba su gane ko waye ba. Waɗanda suka gane sun zo da tambaya a bakinsu, kuma ina jin Kawu daga zaure yana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, bai rage murya ba. Da na kai masa ruwa na tsaya ina kallonsa. Ya karɓi kwanon bai ɗago ba.

"Sun tambaye ni shaida a gidan rediyon," ya ce. "Na ce ni jikan Mati ne."

Allah ya jiƙan Sale, ya jiƙan Mati, ya sada su inda ba katanga.